Yadda wa'azin Rabino ya raɗa wa 'yata suna

Tamar! Sunanta Tamar, kuma ni na zaɓa da bakina! Ku tsaya ku ji yadda aka yi, don har yanzu in na tuna sai ɗinkin haihuwata ya motsa saboda dariya.

Mu kakanninmu daga Rasha suka zo Buenos Aires. Dangin mijina Nissim kuwa daga Halab ta ƙasar Sham. Dukanmu Yahudawa ne, Attaura ɗaya muke karantawa, amma wajen suna kowa da hanyarsa. Su, 'yar fari sunan uwar miji take ci, uwar tana raye tana kallo. Mu kuwa ba a sa wa jariri sunan mai rai. Wai in mala'ikan mutuwa ya zo ɗaukar tsohuwar, sai ya rikice ya ɗauki jaririyar.

Ina haihuwa surukata Doña Fortuna ta iso asibiti da tiren kibbe, soyayyen curin naman mutanen Sham, ta leƙa fuskar yarinyar ta ce, "Sannu da zuwa, takwarata!"

Mamata Berta ta ɗago kai. "Takwarar wa? Zlate za a sa mata, sunan marigayiya uwata."

"Zlate? Wannan suna ne ko maganin tari?"

"Ya dai fi a sa jikata ta tsaya wa wata a layin mutuwa."

"Camfin mutanen ƙasar ƙanƙara!"

Ni da na yi naƙudar ba wanda ya tambaye ni. Zlate bai yi min ba ko kaɗan. Amma maganar mala'ikan nan ta shige ni, sai in yi ta ɗora hannu a ƙirjin yarinyar in ji ko tana numfashi.

Aka ce a kai wa malaminmu, Rabino Gurfinkel. Shi fa duk Asabar sai ya gyara duniya tsaf: zaɓe, yaƙi, tsadar nama, samarin da waya ta raba da majami'a. Har takarda yake bugawa ta tunanin mako, a raba a ƙofa. Shugabannin ƙasashe duk ya san kuskurensu. To ga tsofaffi mata biyu.

Mama ta je da safe, ya ce, "Gaskiyarki, Doña Berta, al'adar iyaye ba abin wasa ba ce." Surukata ta je da yamma, ya ce, "Gaskiyarki, Doña Fortuna, al'adar iyaye ba abin wasa ba ce." Nissim ya ce, "Malam, to wanne ke nan?" Ya shafa gemu ya ce, "Ɗana, kafin Asabar Allah zai buɗe hanya."

Asabar ta zo, ranar raɗa suna a majami'a, hanya a rufe. Zafin Disamba, don a Buenos Aires lokacin bazara ke nan, mu mata muna saman bene a cushe, an manta ba a kunna fanka ba tun Juma'a, kuma a addininmu ran Asabar ba mai taɓa wuta. Kowace ta dunƙule alewar da za a jefa in an faɗi suna. Aka kira Nissim gaban Attaura. Saura kawai Rabino ya ambaci sunan. Ya ɗaga ido, ya ga Mama, ya ga Doña Fortuna cikin rigar karammiski da zinarinta. Sai ya yi gyaran murya.

"Kafin mu ambaci suna, bari in ɗan yi tsokaci kan haɗin kan al'umma."

Jama'a! Ya taso daga Ibrahim. Ya bi ta Masar. Ya shiga majalisar dokoki, ya fito ta kasuwar nama. Tsofaffin da ke ƙasa suka fara minshari, alewa ta narke mana a hannu. Yana cikin zagin masu waya sai muka ji tim! Doña Fortuna ta yanke jiki ta faɗi.

Mama ce ta fara kai mata, ta tallafe kanta tana mata fifita da mayafi. Tsohuwa ta buɗe ido ta damƙe hannunta.

"Berta, ya zo ne?"

"Wa?"

"Mutumin nan naki."

Mama ko murmushi babu ta ce, "Ya leƙo. Ya ga ana biki ya ce zai dawo."

Sai surukata ta kalli jaririyar a hannuna, ta ƙwalla ihu har ƙasa: "Nissim! Kada a sa mata sunana! Kada ya dawo ya tarar da mu biyu!"

Na ga Mama ta ja numfashi, Zlate na kan harshenta. Ban san lokacin da na leƙa ta kan ƙarfen bene ba. "Tamar!"

Nissim ya ce, "Tamar, Malam." Rabino ya cafe kamar an jefa masa igiya a rijiya. Kafin Mama ta zame hannunta daga ƙarƙashin kan tsohuwa, an yi addu'a, an ce amin. Alewa ta yi ta sauka, wata narkakkiya ta manne masa a gemu, da ita ya ƙarasa ibada.

Takardar wannan makon kuwa, kun gani? Wai gajeren jawabinsa ya haɗa zuciyar mutanen Rasha da na Sham. Ni ban ƙaryata shi ba. Yanzu Mama da Doña Fortuna tare suke zuwa majami'a, hannu cikin hannu. Sai su zauna a bencin waje suna yi wa Tamar wasa, har sai sun ji ya gama.