Akwatin Dontrell da Muryar Gwaggo Ozella

Ranar Juma'a Shavonne ta shiga shagon kayan kiɗa da ke bayan wurin wankin mota, ta ce tana son akwatin sauti mafi araha, irin wanda ake jona wa makirufo ta gaba, a jona shi da kwamfuta ta baya, a ɗauki murya. Mai shagon ya miƙo mata wani ɗan baƙi mai ramuka biyu, girmansa bai wuce sandar sabulu ba. Dala ɗari da 'yan kai. Ta jujjuya shi, ta ga ba wani abin gani, ta ce a sa mata a leda.

Gwaggo Ozella ce dalilin saurin. Ranar Litinin za a yi mata aiki a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye mata ba: magana za ta dawo, waƙa kuwa bai yi alkawari ba. Mace ce da ba a biki ko jana'iza a cocinsu na kudancin Memphis sai da muryarta, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarta da kyau, sai 'yan bidiyoyin waya da tari da kukan jarirai suka cinye. Da ƙyar ta yarda za ta rera sau ɗaya, ranar Asabar.

Kafin Shavonne ta biya, sai ga yayanta Dontrell ya faɗo shagon, da hular sanyi a ka a tsakiyar zafin watan Agusta. Litinin zuwa Juma'a kai kaya gida-gida yake yi. Sauran kwana biyun kuwa injiniyan sauti ne, shi ya naɗa kansa.

"Ke! Ajiye wannan," in ji shi. "Muryar Gwaggo za ki zuba a gwangwanin kifi?"

"Yaya, ramuka biyu gare shi. Bakin Gwaggo ɗaya ne. Har da saura."

"Ba ki san sauti ba, shi ya sa. Sauti yana da ɗumi. Yana da iska. Yana da katako."

"Katako."

"Katako! Nawa akwatin, kuɗinsa ya fi motarki."

"Keken yara ma ya fi motata."

Amma ta ajiye. Gwaggo ce, kuma sau ɗaya ne. In da gaske akwai wani katako a duniya, ba ita za ta hana Gwaggo nata rabon ba.

Ranar Asabar da rana suka hallara a garejin Dontrell, inda ake cire takalmi kafin a shiga. Akwatin nasa yana zaune a kan tebur, fari fat, da fitilu jere kamar gaban motar haya. Gwaggo ta zo da hular cocinta. Dontrell ya buɗe kabad ɗin kaya, ya kafa makirufo tsakanin rigunan sanyi da barguna, ya nuna mata ciki.

"Ɗan nan, ni za ka kulle cikin tsummokara? Warin ƙafa ake yi a nan."

"Gwaggo, haka manya ke yi."

"Manyan wa?"

Ta dai shiga, aka rufe ƙofa. Dontrell ya miƙa wa Shavonne hedifon ɗaya, ya sa ɗaya, ya zauna gaban laftof da ledar soyayyen dankali a cinya. Da Gwaggo ta buɗe baki, tsigar jikin Shavonne ta tashi. Muryar ta cika mata kunne taf, har ɗan numfashin da take ja kafin ta hau sama ana ji. Fitilun akwatin suna ta rawa. Sai dai zanen sautin da ke tafiya a fuskar laftof siriri ne kamar zare.

"Yaya, haka yake zuwa, ɗan tsurut?"

"Sarari na bar mata ta yi numfashi. Yi shiru."

Da aka gama ta ce a sa su ji. Ya ce ba a jin ɗanyen sauti, sai kunne ya huta. Gwaggo kuma ta ce ta bar wake a kan wuta, a mai da ita gida.

Litinin aka yi aikin, aka fito lafiya. Talata Dontrell ya ɗauki hutun aiki, ya kira ƙanwarsa ta zo ta ji. Ya rage hasken garejin, ya kunna kyandir, ya sa ta zauna daidai tsakiyar lasifika biyu, ya ce ta rufe ido. Sannan ya danna.

Ƙurus. Ƙurus-ƙurus.

Shavonne ta buɗe ido.

Ƙarar leda. Ƙurus. Sai wani nishi mai tsawo ta hanci, sai muryar Dontrell, kusa-kusa kamar a cikin kunnenta yake: "Kai! Ji ɗumi. Ji katako." Sai tsotsar yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Can nesa kuma, can bayan duk wannan, wata mata tana rera waƙa, kamar a gidan maƙwabta ana ruwa.

"Yaya. Mene ne wannan?"

Dontrell ya zura wa laftof ido. Bakinsa a buɗe yake. Ya tsayar, ya koma farko, ya sake dannawa, kamar dankalin zai ji kunya ya tafi. Ƙurus.

"Ina Gwaggo?"

"Tana... ga ta can."

"Na ji ta can. A nan nake tambaya."

Ya buɗe wurin da ake zaɓar makirufo a kwamfutar. Su biyu suka sunkuya suka karanta. Ba sunan akwatin ba ne a wurin. Akwatin dai ya yi ta aika musu murya kai tsaye cikin hedifon, shi ya sa suka ji ta garau. Amma ba wanda ya taɓa gaya wa kwamfutar ta saurare shi. Ita da ɗan ramin makirufon jikinta ta yi ta ɗauka, wanda ke daidai saitin bakin Dontrell.

Shavonne ta ja da baya. Ta koma kujera ta zauna. Ta kalli kabad ɗin, ƙofarsa a buɗe, makirufon na nan tsaye tsakanin riguna.

"Tun yaushe yake haka?"

"Ban taɓa... ai da na saye shi na jona, fitilu suka kama..."

"Tun bara ke nan."

Ya cire hular sanyin. Rabon da ta ga tsakar kansa har ta manta.

"Duk waƙoƙin nan naka da ka tara mu ranar Kirsimeti muka ji, ka hana kowa tauna abinci?"

"Shavonne, don Allah."

"A'a, tambaya nake. Katakon a ina yake shiga?"

Ya ce zai gyara. Ya yini yana gyarawa, tana zaune tana kallonsa. In ya cire taunar, Gwaggo ta bi ta. In ya ɗaga Gwaggo, taunar ta zama kamar ana rushe gini. Da yamma ya tura mata abin a waya yadda yake.

Washegari suka je asibiti. Gwaggo na kishingiɗe da bandeji a wuya, an hana ta ko raɗa. Tana ganinsu ta nuna kunnenta, ta miƙo hannu.

"Gwaggo, an samu matsala," in ji Shavonne. "Yaya zai yi miki bayani, shi ne injiniya."

Dontrell ya kalli ƙasa. Gwaggo ta kaɗa yatsu: a ba ni. Shavonne ta kunna, ta ba ta.

Ƙurus. Gwaggo ta janye wayar daga kunnenta, ta kalle ta, ta kalli Dontrell tun daga kai har ƙafa. Idanunta suka yi girma. Da aka zo wurin tsotsar yatsa ta dafe ƙirji. Matar gadon kusa ta leƙo ta bayan labule ta tambaya ko zomo ne.

Sai Gwaggo ta ƙure sautin, ta manna wayar a kunne da hannu biyu, ta rufe ido. Shavonne ta ga leɓɓanta suna bin baitin ba ƙara. Ta ga ta tsaya daidai inda za a hau sama, tana jira, har matar can ta nesa ta hau. Hawaye ya gangaro ya shige cikin bandejin.

"Gwaggo, ki yafe..." Dontrell ya fara.

Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta buɗe ido ba. Dontrell ɗaya ya ishe ta a kunne.

Da waƙar ta ƙare ta koma farko da kanta. Shavonne ta miƙa hannu za ta karɓi wayarta, Gwaggo ta buge hannun, ta juya musu baya.