Ha Kuri da Ha Ƙarami

Direban ya leƙo ta taga yana dukan ƙofar motarsa da tafin hannu. "Haram, Haram, Haram," yake kira, mutane kuwa sai ture juna suke yi don su samu wurin zama.

Malam Ɗantsoho ya tsaya cak a tsakiyar dandalin Giza. Shekara talatin ya yi yana karantar da nahawu a zauren gidansa a Gumel, bai taɓa jin an yi tallar wannan kalma ba. Daga Umara ya biyo ta Alƙahira don ya ga inda 'yarsa Mardiya take zaune. Ta gama digiri, tana roƙon ya ƙara mata shekara biyu, shi kuma ya ce sai ya gani da idonsa. Gobe da asuba jirginsa zai tashi.

Ya tambaye ta me mutumin nan yake faɗa. Mardiya ta ce sunan wani titi ne, a bayan titinsu na Faisal yake.

"A bayan naku," in ji shi.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce garin da ake kiran haram da rana tsaka, har da tsofaffi suna rububin shiga mota, ba garin da zai bar 'yarsa ba ne. Ta haɗa kayanta, ƙarshen wata ta biyo shi. Yanzu kuma ta wuce gaba ta nuna masa masallatan da ta ce.

Mardiya ta san amsar, kuma amsar ba ta wuce jimla ɗaya ba. Amma tunda aka haife ta ba ta taɓa ce wa mahaifinta ba haka ba ne, balle a kan Larabci, shi da ya kama hannunta ya koya mata baƙi a kan allo. Wasu za su kira wannan kunya. Tsoro ne. Ta wuce gaba ta sayi tikitin jirgin ƙasa.

A masallacin Azhar ya yi raka'a biyu, ya daɗe zaune a kan farin marmara yana kallon ɗalibai suna bitar karatu a jikin ginshiƙai. Ya ji wani ɗan Indunusiya ya yi kuskuren wasali, ya miƙa wuya ya gyara masa. Daga nan ransa ya fara sakewa.

Suka bi tsohon titin Mu'izz, inda kowane gini ya girmi kakan kakansa. Tun bayan juyin juya hali baƙi suka ragu, don haka masu shaguna suka yi masa caa, wannan ya ce ya Hajji, wancan ya ce ya Shehu, wani har ya ɗora masa jar dara a kan hularsa. Ya cire ya mayar masa ba tare da ya yi dariya ba. A gaban wata ƙatuwar ƙofa ta tagulla ya tsaya ya karanta rubutun da ke samanta tun daga farko har ƙarshe, masu babura suna ta yi masa oda.

Da ƙishirwa ta kama shi, ya ce shi zai yi magana da mai ruwan rake da kansa. Ya gyara tsayuwa ya nemi kofi biyu da Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe. Mai raken ya saurara har ya gama, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sadaƙallahul azim."

Malam ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wa Mardiya ashe akwai sauran masu tsoron Allah a garin. Ita kuwa ta san tsokana ce, haka suke yi wa duk wanda ya yi musu magana kamar mai huɗuba. Ta cusa bakinta cikin hijabi. Wannan ma ba ta gyara ba.

Da azahar ta kai shi cin koshari. Ya dubi kwanon, shinkafa da taliya da wake a wuri ɗaya, ya ce wannan ai ragowar abincin kwana uku ce aka haɗa. Ya cinye nasa, ya ci rabin nata.

Sai bayan la'asar suka hau Ƙal'a, ganuwar da ke kan dutse. Daga can ana ganin birnin gaba ɗaya, hasumiya bayan hasumiya, har zuwa inda hayaƙin motoci ya rufe. Malam ya sa tabarau. Can nesa, bayan kogi, ya hango wasu abubuwa uku masu tsini.

Ya ce sun yi kama da dalar gyaɗa da ya gani a Kano yana yaro. Mardiya ta ce su ne dalar Fir'auna. Sai ga dattijon da bai yi murmushi ba tun safe ya kama ƙarfen baranda da hannu biyu. Ya ce tun yana karanta ƙissar Annabi Musa yake son ya ga abin da mutanen nan suka bari. Har abokinsa Habu mai kanti ya rantse ba zai yarda ya je Masar ba sai ya ga hoto.

"Ke, me ya hana ki kai ni can? Ta ina ake bi?"

Mardiya ta tuna takardun ƙarin karatun da ta riga ta cike suna cikin jaka, ta tuna malamar da ta yarda za ta duba mata bincike.

"Baba, motar nan ta safe. Can take zuwa."

Ya juyo ya dube ta.

"Kai ka koya min a allo," ta ce, idonta a ƙasa. "Ha kuri daban, ha ƙarami daban. Haram ɗin da Allah Ya hana da ha ƙarami ne, kuma ana jan sa. Na direban ha kuri ne. Dala ke nan da Larabci."

Malam ya juya ga barandar. Ta ga yatsansa yana rubuta kalmar a kan ƙarfen, sau ɗaya, sau biyu. Wasu 'yan makaranta suka wuce da hayaniya. Shi bai motsa ba.

Da ya buɗe baki, cewa ya yi laifin direban ne, ba ya fitar da harafi daga inda ya kamata. Mardiya ta ce haka ne, Baba. Ya tambaye ta ko tun safe ta sani. Ta ce e. Ya ce wato ta bar shi yana yawo da kuskure a baki wuni guda, a garin Azhar. Ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ɗalibar da ta ga kuskure ta yi shiru ba ta gama karatu ba, kowace takarda aka ba ta.

Ba ta san yadda za ta ɗauki wannan maganar ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ana kiran magariba suka iso dandalin Giza. Wani direban daban yana dukan ƙofa yana kiran Haram. Malam ya karkata kunne ya saurara sosai, sannan ya tattare rigarsa ya nufi motar. Mardiya ta sha gabansa ta ce masa ai an rufe wurin tun la'asar, sai da safe.

Ya tsaya yana kallon motar har ta cika ta tafi. Sunan mahaifiyarsa Mardiya ta ci, amma tun safe "ke" yake ce mata.

"To, Uwata, sai baɗi in na zo duba ki," ya ce. "Wannan karon da can za mu fara. Kuma ki nemo mana direban da ya yi allo."