Motar da Ke Zuwa Ƙarshe

Tsohon direba ya shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, bai taɓa buge ko akuya ba. Shi ya sa da jikarsa Auta ta nuna masa wasan tseren mota a talabijin, ya hana ta gudu. Ita ke danne-danne, shi yana gefe a kujerar roba yana ba da umarni.

"Sassauta, ga kwana. Ba ki ga mutane a bakin titi ba?"

"Kaka, ba na gaske ba ne."

"Su suka gaya miki?"

Kullum motarsu ce ta ƙarshe, kuma ko a jikinsa. Shi dai yana son itatuwan ƙasar can da ganyensu ba ya zuba, da wani kare da ke tsaye wuri ɗaya kamar yana jiran mai shi.

Abin da ke cin ransa daban ne. Sati uku ke nan da wata 'yar ajinsu ta ɗauki Auta a waya lokacin da ta faɗi a filin makaranta, ta watsa wa duniya, kowa ya rubuta abin da ya zo bakinsa. Tun ranar yarinyar ta rufe baki. Sai a gaban wannan mota take magana.

Ranar Asabar da hantsi ubanta ya shigo falo, ya zare filogi daga bango.

"Na karɓe wayarta, saura wannan. Duk abu ɗaya ne, Baba, su ke lalata yara."

"A ina ka ji?"

"An turo mini a waya."

"To," in ji tsoho. Ya nuna akwatin wasan da yatsa. "Nuna mini wanda ya zage ta a cikin akwatin nan. Sati uku ina zaune a nan, kare ɗaya na gani, shi ma bai yi haushi ba."

"Baba, 'yata ce fa."

"Kai kuma ɗan wa?"

Tsoho ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sunkuya ya rungumi akwatin wasan kamar jariri, igiyoyin suna ja a ƙasa.

"Ɗakina zai koma. Ranar da ka isa ka shiga ɗakin ubanka ka ɗauki abu, bismilla."

Ɗan ya goge fuska da tafin hannu. "Ai ba ka da talabijin."

Wannan kam tsoho bai tuna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da kaya a hannu, bai san inda zai sa gaba ba, amma bai sauke ba.

Auta ta tashi ta tattara igiyoyin, ba ta dubi ubanta ba.

"Akwai tsohuwar talabijin a sito, bayan buhunan siminti," ta ce. "Kalarta ta mutu, amma tana kawo hoto."

Uban ya juyo da sauri ya zuba mata ido, bakinsa a buɗe.

"Je ki ɗauko," in ji tsoho. "Da hannu biyu."