Baƙin Lalle a Garin Kaumi

Yaya Kyari ne ya kawo min aikin. Ranar Alhamis ya jingine babur a ƙofar gidana, ya shigo da leda cike da baƙin lalle, ya ce ƙungiyar mata ce daga Kazaure ta ɗauki nauyin ƙunshin bikin Zulaikha, jikar Ya Kura. Duk macen da ta zo a yi mata kyauta.

"Amma ki yi baƙi har farce, Mu'minat," in ji shi. "Haka ake yayi yanzu a birni."

Yaushe Yaya Kyari ya san abin da mata ke yayi? Mutumin da ko launin zanin matarsa bai sani ba. Sai dai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya aurar da ni. Ban tambaya ba. Kwana biyu ina durƙushe a tsakar gidan Ya Kura, tsohuwar da duk Garin Kaumi ke jin maganarta, ina baƙanta yatsun mata har bayana ya sage.

Asabar kuwa ranar zaɓen cike gurbi ce. Ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu ya rasu da damina, kujerar ta zama abin rububi. Jam'iyyu uku sun haɗa kai suna kiran kansu Haɗaka, suka tsayar da Shafi'i, ɗan 'yar'uwar Ya Kura. Sauran suka dunƙule suka zama Gamayya, suka tsayar da Alhaji Lauwali. Kowa a ƙasar Gwiwa ya san matan garinmu na Shafi'i ne, kuma sun fi mazan yawa a rajista. Yaya Kyari shi ne wakilin Gamayya a akwatinmu.

Ban fita da wuri ba. Ina sauke koko na ji hayaniya daga firamare inda ake zaɓen, irin wadda ba ta layi ba ce. Na ja hijabi na fita.

Na tarar da Yaya a gaban teburin malaman zaɓe, kati rataye a wuyansa, yana nuna hannun Fatu matar Ahmad mai nama.

"Ku duba farcenta! Tawada ce! Ta jefa ƙuri'a a wani wuri ta dawo nan!"

Malaman zaɓe kan ɗiga wa duk wanda ya jefa ƙuri'a baƙar tawada a gindin farce. Ni kuma na baƙanta farcen kowace mace a garin.

Jami'in akwatin, Malam Jalaluddeen, malamin makaranta ne daga Roni, mutum mai sanyin murya. Ya ɗaga na'urar tantancewa yana cewa ita za ta raba gardama. Wa zai saurari na'ura ana ihu? Wasu ƙarti na Gamayya da ban taɓa gani ba sun kewaye teburin, kowace mace ta matso sai su ce a kankare farcen a gani. Ɗayansu har ya kai hannu zai kama yatsan Fatu.

"Kai! Matar aure ce!" Ahmad ya daka masa tsawa. Ya juya ga matarsa, idonsa jawur. "Wuce gida. Ba za a kira ki ɓarauniya a gaban jama'a ba saboda wani Shafi'i."

Sai sauran mazan suka bi sahu. Wannan ya kira matarsa, wancan ya kira 'ya'yansa mata. Layin da ya kai bakin rijiya ya dinga zaizayewa ina kallo. A nan na gane. Ba tawadar ce ta dami Yaya ba. Ya san mazan garinmu, ya san ba wanda zai tsaya ana jujjuya hannun iyalinsa a bainar jama'a. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa.

Malam Jalaluddeen ya rufe akwati ya ce an dakata sai ƙura ta lafa. Ƙarfe biyu da rabi za a rufe layi, rana kuwa ta riga ta take tsaka.

Ya Kura ba ta motsa ba. Ba ta da mijin da zai kore ta. Tana dogare da sandarta, ta ɗago hannunta ta dube shi, sannan ta dube ni.

"Mu'minat, wa ya ce ki kai baƙin nan har farce? Tun ina yarinya ba haka muke yi ba."

Yaya ya zuba min ido. Bai harare ni ba, da ma hararar ya yi. Kallon da ya yi min shi ne wanda yake yi min tun ina ƙarama in na ɗauko abin da zai fashe.

Da na ce ra'ayina ne, shi ke nan. Za a zage ni mako biyu, a ce Mu'minat ba ta da kai, a manta. Amma matan nan ni suka miƙa wa hannuwansu, suna dariya, suna ba ni labarin 'ya'yansu.

"Yaya Kyari ne," na ce. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, sai na sake. "Shi ya kawo lallen. Shi ya ce in yi har farce."

Matasan Haɗaka suka yi kansa. Ɗan sandan da ke wurin ya shiga tsakani, Ya Kura ta ɗaga sanda ta ce duk wanda ya taɓa Yaya ba ta yafe ba, a bar shi da Allah. Ƙartin nan suka sulale bayan aji. Malam Jalaluddeen ya buɗe akwati, ya ce a ci gaba, ita Ya Kura ta fara. Na'ura ta karɓe ta ba gardama.

Saura waɗanda suka tafi. Na bi gida gida da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya. Wasu suka fito suna ɗaura zani. Wasu mazansu na zaune a zaure, ko sallamata ba su amsa ba. Fatu ta leƙo ta kan zana ta ce, "Ke kika ɓata mana hannu, yanzu kuma ke ce mai kiranmu?" Ta koma ɗaki. Ban ga laifinta ba.

Waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba. Ni ce ta ƙarshe a layi lokacin da aka rufe.

Yaya na nan a kujerarsa. Ba wanda ke da ikon tashinsa, wakili ne. Na miƙa katina, Malam Jalaluddeen ya karanta sunana da sunan mahaifinmu, don da shi na yi rajista tun kafin aure. Bayan abin da ya faru, tun azahar yake tambayar wakilai a kan kowace mace, don kada a sake rigima.

"Akwai mai ƙorafi a kanta?"

Wakilin Haɗaka ya girgiza kai. Malam ya juya ga Yaya.

"Malam Kyari?"

Yaya ya kalle ni daga sama har ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, zufa ta jiƙa hijabi.

"Ba ni da ƙorafi," ya ce. "Ban ma san ta ba."

Malam Jalaluddeen ya sunkuyar da kai ya miƙo min takarda. Na shiga bayan labule na dangwala, na ninke na jefa. Da na fito Yaya yana magana a waya, ya juya min baya. Na tsaya kusa da shi kamar yadda na saba in zai rage min hanya. Ya gama wayar, ya hau babur ɗinsa ya tafi.