Ɗan Saƙo Ne Kawai

Wata uku Manniru ya kwashe yana zaga dillalan mota a Ibadan, yana ƙirga kujeru. Shi, matarsa Raliya da yara biyar, bakwai cif. Ya rantse bana 'ya'yansa ba za su sake zuwa Kano a motar haya ba, wani kan cinyar wani. Da ya samu wata mota tokumbo mai kujera bakwai, sai da ya shiga can baya ya miƙe ƙafa, sannan ya biya.

Kuskurensa ɗaya ne. Ya kai ta ƙofar masallaci a unguwar Sabo a sa albarka, kuma bakinsa ya suɓuce ya ce jibi zai tafi gida Sallah.

Kafin la'asar Alhaji Isiyaku, aminin mahaifinsa, ya aiko da huhun goro uku, wai ɗan saƙo ne kawai. Maƙwabta suka biyo baya da jarkokin manja da doya. Wa zai dubi idon dattijo ya ce babu wuri? Manniru ya tuna dillali ya nuna masa yadda ake kwantar da kujerun baya. Ya kwantar da su, ya ƙara da na tsakiya.

Ranar tafiya Raliya ta leƙa motar, ta dube shi.

"Baban Mardiya, yaran fa?"

A tashar Ojoo ya sa su motar haya tare da uwarsu, wani kan cinyar wani. Goron Alhaji kuwa ya isa Kano a wadace cikin sanyin esi, ko ɗaya bai yi yaushi ba.