Turbon Motar Tumatir

Motar da mijina ya bar mini a-kori-kura ce mai shan dizal, fara, ko da yake farin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Shekara shida bayan rasuwarsa da ita nake ɗauko tumatir daga gonakin Akomadan zuwa Kumasi, Talata da Juma'a. Ni ban iya tuƙi ba. Boakye ne direbana, ɗan ƙanwar uwarmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu da baki kamar rediyo. Da motar nan na riƙe yarana uku a makaranta, da ita gidan Boakye ke cin abinci.

Cikin damina ta fara ciwo. Hawan da take cinyewa a giya ta uku, sai ga shi Boakye na saukowa ta biyu, har ta ɗaya, tana nishi. Bayanmu hayaƙi shuɗi, masu babur na wuce mu suna toshe hanci suna zagi. Baƙin mai kuwa kamar tana sha da ludayi. Sannan ga wani siririn kuka daga cikin inji duk lokacin da aka taka totur.

"Sista Pokuaa, motar nan ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci," in ji Boakye. "Saura mu ɗinka mata riga."

"Rufe mini baki ka kai mu wajen Bra Ntim."

Kwaku Ntim yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa talatin da biyar a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma a layinsu in aka ce turbo, abin nan mai ƙara wa inji iska da ƙarfi, to an ce Masta Ntim. Tun daga Tamale ake kawo masa mota. A da yakan tsaya da kwanon fufu a hannu, mota ta shigo layi, ya gaya wa mai ita abin da ke damunta tun bai kashe inji ba. Shi ya yi mini aure, shi ya tsaya kan jana'izar mijina. Ban taɓa kai motar wajen wani ba.

Mun same shi shi kaɗai a rumfa, ya ba mu baya yana wanke wani ƙarfe a kwanon fetur. Na yi gaisuwa sau biyu bai juyo ba. Maƙwabcinsa Wofa Adjei mai walda ya ɗauki ɓawon lemo ya jefe shi a kafaɗa.

"Ntim! Ƙanwarka ta zo, kana can kana tunanin matan zamaninmu."

Ya juyo yana dariya. Na ce masa mota ba ƙarfi, tana hayaƙi, tana kuka. Ya zuba wa bakina ido har na gama, sannan ya sa Boakye ya buɗe bonet ya kashe inji. Ya kwance tiyon da ke kai iska cikin turbo, ya zura yatsa biyu ya kama tsakiyar 'yar fankar da ke ciki ya girgiza. Ko ni da ban san komai ba na ga tana rawa.

"Zo ki taɓa, Pokuaa. Kin ji? Kamata ya yi ta tsaya kyam, sai dai ta juya. Wannan tana gugar bango. Dubi bakin fukafukan, duk sun cinye."

Ya cire babban tiyon ƙasa, baƙin mai ya tsiyayo masa har gwiwar hannu.

"Ga man da kike nema. Turbo ya mutu, yana zubar da mai cikin hanyar iska, inji na ƙonawa. Shi ne hayaƙin."

"A gyara shi mana, Bra."

"Me?"

"Na ce a gyara!"

"Ba ya gyaruwa. Sai wani."

Kuɗin wani turbon ya ci zannuwan da na gada wajen uwarmu guda biyar da sarƙar aurena. Shi da kansa ya zaga shagunan kayan hannu da ake shigowa da su daga waje, ya ƙi uku, ya ɗauki na huɗu. Ranar Laraba ya yi aikin, ina zaune kan benci ina kallo. Notinan salansa sun ci tsatsa, sai da Wofa Adjei ya gasa su da wuta kafin su saki. Ya wanke tiyoyin iska da kananzir ya shanya, ya juye tsohon mai, ya canja matatar mai, ya sa sabon gaskit a mahaɗar. Kafin ya ɗaura turbon ya ɗura masa mai ta sama, yana juya fankar da yatsa a hankali kamar mai lallashin jariri. Akwai wani siririn bututun ƙarfe da ke kawo wa turbo mai daga inji. Ya goge shi da tsumma, ya duba bakinsa, ya mayar.

Da yamma aka tayar. Hayaƙi ya yi ta fita na ɗan lokaci sannan ya washe. Boakye ya taka totur, sai na ji kukan nan, bai kai na da ba, amma yana nan, siriri kamar sauro a kunne. Wofa Adjei ya ɗaga gilashin waldarsa ya kalli motar, ya kalli yayana.

"Masta, ba ka ji wani abu ba?" in ji Boakye.

Bra Ntim na duƙe ya ɗora tafin hannu kan inji. Bai amsa ba sai da Boakye ya dafa shi ya maimaita.

"Haka suke yi in an ɗaura su. Zai kwanta."

"Ntim," in ji Wofa Adjei, "anya?"

"Adjei, koma ka liƙa ƙofar kejin kajinka. Yaushe mai walda ya san turbo?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na saya musu dafaffiyar ayaba da miyar ganyen gwaza, muka ci a rumfar, raina fes.

Ranar Juma'a muka yi lodi a Akomadan tun da hantsi, akwati talatin da biyu, tumatir mai kyau irin wanda ban samu ba duk shekarar. A hanyar zuwa motar ta yi gudu har Boakye na waƙa. A dawowa kukan ya ƙaru. Muna wuce Abofour ya koma kamar jiniya. Na ce ya tsaya, ya ce bari mu gama wannan hawan tukuna, ba a tsayawa da kaya a tsakiyar tudu.

Ba mu gama shi ba. Injin ya ɗauki ihu shi kaɗai. Boakye ya ɗaga ƙafa daga totur, ihun ya ƙaru. Ya sauka gefen titi ya murɗa makulli ya zare, ya nuna mini shi a hannunsa, idanunsa waje, inji kuwa na ta hawa.

"Sista, fita! Man kansa yake sha! Fita!"

Na faɗo waje na bar takalmi ɗaya a ciki. Farin hayaƙi ya rufe titi har motoci suka tsaya nesa, mata masu sayar da gasasshiyar masara suka watse cikin daji. Boakye ya sa babbar giya ya danne birki ya saki kuloci don ya shaƙe injin, kulocin ya ƙone, wari ya tashi. Ya fito ya buɗe bonet yana ihu in ba shi tsumma ya toshe hanyar iska. Na kwance ɗankwalina na miƙa masa. Kafin ya kai hannu sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Wani ƙarfe ya huda cikin injin ya fito ta gefe. Shiru. Baƙin mai ya malalo kan kwalta yana tururi, ya gangara ƙarƙashin ƙafata.

Boakye ya zauna a bakin kwata ya ɗora hannu a ka.

Babu motar da ta yarda ta kwashi kayan, kowa da nasa lodin. Ruwa ya sauko da la'asar, washegari rana ta buɗe. Kafin mu samu janwe ranar Lahadi, akwatunan na ɗiga, ƙudaje sun taru. Na raba wa matan masara abin da ya ɗan rage, sauran muka juye a rami.

Litinin da safe aka sauke motar a gaban rumfar yayana. Yana ciki, ya ba ni baya, yana jera sifanu a kan tebur. Tun daga bakin rumfar na fara. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ce ya kashe ni, ya kashe 'ya'yana, na kira zannuwan uwarmu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen layi suka bar aikinsu suka taru. Shi kuwa yana ta jera sifanu, ƙarami bayan babba, har da ɗan fito.

Wofa Adjei ya riƙe mini hannu.

"Maame Pokuaa, bari. Ba ya jin ki."

"Ba ya ji ko ba ya son ji?"

"Ba ya ji. Shekara biyu ke nan. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Baki yake kallo." Ya sunkuyar da kai. "Ni kaɗai ya gaya wa. Ya roƙe ni kada in faɗa, wai in aka sani wa zai kawo wa kurma inji. Ranar Laraba na ji kukan nan sarai. Da na ja ki gefe."

Ya faɗi haka a gaban mutum fiye da ashirin.

Inuwar taron ce ta sa Bra Ntim ya juyo. Ya ga mutane, ya gan ni, ya ga motar. Fiton ya tsaya. Ya ɗauki sifana ya nufi bonet, ya daɗe yana kallon ramin da ke jikin injin. Sannan ya kwance turbon. Fankar ta karye, sandar tsakiya ta yi shuɗi don zafi. Ya kwance siririn bututun man, ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi, iska ƙalilan ce ta fita. Ya ɗauko waya ya zura, ya zaro ta da baƙin dasƙararren mai kamar gawayi.

"Wannan ne ya kashe na farkon," ya ce, da ƙarfi, don bai san yadda muryarsa ke fita ba. "Shi ya kashe na biyun. Mai ba ya isa. Da na ji shi ranar nan da na kashe inji nan take." Ya dube ni. "Ya yi kuka, Pokuaa?"

Na ɗaga kai alamar e.

"Sosai?"

Na sake ɗaga kai.

Ya zauna a kan tayar da ke gefen rumfa da bututun a hannu. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Kafin mako ya ƙare duk layin ya sani. Motoci biyu da ke jiran aiki a wajensa masu su suka zo suka janye. Na kai shi asibiti duk da fushin da nake yi. Likita ya ce shekarun ƙarar inji da guduma ne suka cinye jijiyar, ba ta dawowa. Ya yi wata biyu yana zuwa rumfa yana zama, ba mai tsayawa. Daga nan ya sayar da kayan aikinsa ya koma ƙauyenmu, wajen gonar koko ta dangi.

Wani injin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Masu yanka motoci suka sayi motar a kan nauyin ƙarfe. Boakye ya tafi ramukan zinariya ta wajen kudu, matarsa na zuwa tambayata ko ya kira ni, ina ce mata a'a. Babbar 'yata ta bar makaranta. Yanzu ni da ita muke sarin rabin akwati a hannun matan da a da nake sayar wa, mu kasa a faranti a bakin tasha.

Lokacin Kirsimeti na je ƙauye. Na same shi a bayan gida yana juya koko a kan tabarmar shanya, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Na kai masa burodi da sukari. Muka zauna a kan kututture, shi yana magana ni ina ɗaga kai, don yanzu kunnen hagun ma ya tafi. Ya ba ni labarin ɓerayen gona da rufin ɗakin da ke yoyo. Can ya juyo da fuskata da hannunsa ta fuskanci haske.

"Ki ce kin yafe mini. A hankali, in gani."

Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, kuma ina jin bai buɗe sosai ba.

Ya matso, ya ƙanƙance ido.

"Ban gane ba. Sake faɗa."

Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Muka zauna haka yana jira, har wata mata ta leƙo ta katanga ta ce motar Kumasi ta cika saura mutum ɗaya. Na tashi na ɗauki jakata.