Mujiyar da Ta Ga Fuskar Edna

Sati biyu kafin Zadok ya rasu, ya shigo gidansu na Bekaji da kwali a hammata. 'Ya'yan mujiya ne biyu a ciki. An sare bishiyarsu, an jefe uwar. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, ya san kan abin. Ya ce wa matarsa Edna, "In za ki ba su nama, ki rufa buhu a fuska, kada ki yi musu magana. Mujiyar da ta saba da mutum, wurin mutane za ta nufa, su kuwa dutse za su ɗauka."

Da aka binne shi, aikin ya dawo kanta. Ɗana tarkon ɓera, yanka, share kashi, ga gwiwa na ciwo. Hajja maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Debbie, abin da ya yi wa maigidanki kuka har ya tafi, shi kike ciyarwa?"

"Hawan jini ne, Hajja. Likita ya faɗa."

Babbar 'yar mujiyar ba ta ba ta wahala ba. Ƙaramar ce ta ƙi ci har kwana biyu. Edna ta gaji, buhun ya ishe ta da zafi, ta cire ta yar. Ta ɗora tsuntsuwar a cinya tana ba ta a baki, tana faɗa mata abin da ko fasto bai ji ba. Daga ranar, kullum haka.

Da fukafukansu suka yi ƙwari, ta hau keke napep zuwa Mbamba, gonar Bappayo abokin marigayin, wanda ɓeraye suka addaba. Rana na shirin faɗuwa suka buɗe kwalin. Babbar ta tashi ta shige tsamiya, ko waiwaye babu. Ƙaramar ta yi zagaye ɗaya, ta sauka a kafaɗar Bappayo, ta buɗe baki tana jiran nama.

Sau uku Edna tana cilla ta sama, sau uku tana dawowa.

Bappayo ya ce, "Adda, wannan ba za ta kai jibi a waje ba. Ta ga fuskarki, ko?"

Edna ta mayar da ita kwali, ta ɗaure da igiyar da Zadok ya kawo shi da ita. A keke ta ɗora kwalin a cinya, tana tunanin inda za ta ɗana tarkon gobe.